Allura a Lokacin Annoba: Wa Za a Fara Yi Wa, Wa Kuma Aka Tambaya?

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Sa'ad da gari yake lafiya ba wanda yake musun wannan magana. Uwa takan goya jaririnta ta kai shi asibiti ran awo, a yi masa allurar ƙyanda, a rubuta a kati, ta koma gida. Amma ran da annoba ta sauka, ana binne mutane safe da yamma, allurar ba ta isa ba, lokaci kuma ya ƙure, sai wannan abu mai sauƙi ya zama mai nauyi ƙwarai. A nan ne tambayoyi sukan taso waɗanda ilimin likita kaɗai ba ya iya amsa su, gama tambayoyi ne na adalci da faɗin gaskiya da riƙon amana.

Bari mu fara gane abin da ya bambanta rigakafi da magani. Magani marar lafiya ake ba, shi ne kuma yakan zo da ƙafarsa yana nema. Rigakafi kuwa lafiyayye ake yi wa. Allurar tana nuna wa jiki kamannin abokin gaba tun bai iso ba: ko ƙwayar cutar da aka kashe, ko wadda aka raunana, ko wani ɗan ɓangarenta. Jiki ya gane ta, ya shirya makamansa, ran da cutar ta ainihi ta zo sai ta tarar ana jiranta. Akwai kuma wani abu da ba kowa yake lura da shi ba. In yawancin mutanen gari sun yi allura, cuta takan rasa gadar da za ta bi daga wannan zuwa wancan, har wanda bai yi ba ya tsira a inuwar waɗanda suka yi. Ga ƙyanda, sai wajen mutum 95 cikin 100 sun yi kafin inuwar nan ta rufe gari. Jaririn da bai kai wata tara ba, watau bai isa allurar ƙyanda ba tukuna, da wannan inuwa yake rayuwa. Saboda haka allurar da ke damtsenka ba taka ce kai kaɗai ba, ƙin yinta ma ba naka ne kai kaɗai ba. Daga nan dukan wahalar take farawa.

In tuwo ya yi kaɗan, uwar gida ta san wanda za ta fara zuba wa. To, in allura ce ta yi kaɗan fa? A ƙarshen shekarar 1966 agana ta ɓarke a lardin Ogoja, a gabashin Nijeriya. Akwai wani likitan mishan Ba'amurke a yankin, Dr William Foege. Dabarar da aka sani a lokacin ita ce a yi wa kowa da kowa lamba, amma abin da ke hannunsa ba zai isa ba. Sai ya yi magana da sauran 'yan mishan ta rediyon da suke gaisawa da shi, aka aika manzanni ƙauye ƙauye su gano inda masu ciwon suke. Aka yi wa mutanen waɗannan ƙauyuka lamba, da wuraren da aka san za su je, kamar kasuwanni da garuruwan dangi. Annobar ta tsaya ba tare da an yi wa kowa ba. Wannan dabara ta kewaye cuta tana cikin abin da ya kawar da agana daga duniya, aka kuma yi shelar haka a 1980. Amma ka lura da abin da ke ciki: an tsallake ƙauyukan da su ma suna so, aka kai wa wasu. Rabon ba daidai wa daida ba ne, duk da haka ya fi ceton rai. Adalci a lokacin annoba ba kullum yake nufin kowa ya sami ludayi ɗaya ba.

Haka aka yi da cutar korona. Ran 2 ga Maris 2021 allurai wajen miliyan 3.9 suka sauka a Abuja. Tun da yake kowane mutum sau biyu za a yi masa, ba su isa ko mutum 1 cikin 100 na 'yan ƙasa ba. Aka sa likitoci da nas-nas da sauran ma'aikatan asibiti a gaba, domin su ne suke shaƙar numfashin marasa lafiya, in kuma suka kwanta ba mai jiyyar sauran. Bayansu tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini. Ɗalibai masu jini a jika, ku ne a ƙarshen layi, gama korona ta fi kashe tsofaffi. Da sanƙarau ne, da layin ya juya, domin shi yara da matasa ya fi kamawa, musamman inda ake kwana a cunkushe kamar ɗakunan makarantun kwana a watannin zafi da ƙura. Shugabanni ma sun shiga gaba, aka nuna su a talabijin suna naɗe hannun riga. Waɗansu suka ce tsallake layi ne. A ganina, a ƙasar da ake raɗe-raɗin cewa allura guba ce, shugaban da ya fara miƙa damtsensa ya yi abin da ya kamata. Laifin yana wurin wanda ya ɗebi na 'ya'yansa da barorinsa a ɓoye alhali nas ɗin ƙauye ba ta samu ba.

Tsakanin ƙasashe rabon ya fi muni. Ingila ta fara yi wa mutanenta ran 8 ga Disamba 2020. Jirgin farko na shirin COVAX, watau asusun da aka kafa domin ƙasashe marasa ƙarfi, bai sauka a Afirka ba sai ran 24 ga Fabrairu 2021, a Ghana, da allurai 600,000. Waɗansu ƙasashe masu arziki, kamar Kanada, sun riga sun kama allurai fiye da yawan mutanensu ninkin-ba-ninkin. Indiya, wadda masana'antarta ce COVAX ta fi dogara da ita, ta tsai da fitarwa sa'ad da cutar ta yi mata ƙamari a 2021. Kafin shekarar ta ƙare waɗansu ƙasashe suna yin allura ta uku, a Afirka kuwa wajen mutum 1 cikin 10 ne kawai ya cika nasa. Ba za a zargi maigida don ya fara kāre iyalinsa ba. Amma akwai bambanci tsakanin ciyar da gida da cika rumbu har hatsi ya ruɓe maƙwabci yana kallo. A Disamba 2021 hukuma ta murƙushe allurai fiye da miliyan 1 a juji a Abuja, domin an kawo su kyauta ne sa'ad da kwanakinsu suka kusa ƙarewa. Wanda ya ga hoton nan a jarida, me kake tsammani zai ce ran da aka zo ƙofarsa da sauran?

Wannan ya kawo mu ga maganar yarda, kuma ba sai mun je nesa neman misali ba.

A farkon 1996 sanƙarau ya auka wa arewacin Nijeriya irin yadda ba a taɓa gani ba. Cikin 'yan watanni mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka mutu. A Kano, ƙyanda da amai da gudawa ma suna ɓarna a lokaci guda. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa suke kira Asibitin Zana, ya cika ya batse, marasa lafiya har a ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana can tana jiyya. Ana cikin haka sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka iso da wani sabon magani mai suna Trovan, wanda suke so su gwada. A kula, Trovan ba allurar rigakafi ba ne, magani ne na wanda ya riga ya kamu. Aka ɗauki yara wajen 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani magani sananne domin a kwatanta. Yara 11 suka mutu, 5 a rukunin Trovan, 6 a ɗayan. Waɗansu suka tashi da kurunta ko shanyewar gaɓa. Bayan 'yan makonni baƙin suka tattara kayansu suka tafi, annoba kuwa tana ci.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe yaran ya kuma nakasa sauran, cewa adadin mutuwa a gwajin bai kai na sauran annobar ba, cewa kuma an yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki. Iyaye da yawa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ne, ba a kuma gaya musu cewa akwai magani sananne kyauta a cikin asibitin nan ɗaya ba. Ba a nuna takardar yarda da suka sa wa hannu ba. Labarin bai fasu sosai ba sai a Disamba 2000, da jaridar Washington Post ta buga shi. Aka yi shari'a shekara da shekaru a Nijeriya da Amurka. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da amsa laifi ba, a 2011 kuma aka fara biyan iyalai, shekara 15 bayan abin ya faru. Shi kansa Trovan, tun 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka aka kuma dakatar da shi a Turai, saboda yana lalata hantar waɗansu.

Mai karatu, kada ƙidayar 5 da 6 ta ɗauke maka hankali. Ko da ba yaro ɗaya da ya mutu, tambayar tana nan. Ka sa kanka a matsayin uban da ya taso daga ƙauye da ɗansa a kafaɗa, wuyan yaron ya sanƙare, idonsa ya juye. Wani mai farar riga ya miƙo hannu. Akwai abin da uban nan zai ce a'a a kansa? Yardar da tsoro ya matso daga bakin mutum, ba tare da ya san akwai wata ƙofa ba, ba yarda ba ce. Wannan ba sabuwar doka ba ce. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Jamus da suka yi gwaji da fursunoni, aka rubuta a Nuremberg cewa ba a gwaji da ɗan Adam sai da yardarsa ta son rai, likitocin duniya kuma suka ƙarfafa wannan a Helsinki a 1964. Annoba ba ta soke wannan doka. A lokacin annoba ne ma aka fi bukatarta, gama a lokacin ne mutum ya fi rashin ƙarfin cewa a'a.

To, kada a yi gwaji ke nan sai annoba ta wuce? Ba haka ba. Allurar wata cuta ba ta gwaduwa sai inda cutar take. A 2015, sa'ad da Ebola take ci a ƙasar Gini, an gwada wata sabuwar allura, aka kuwa ari dabarar kewaye cuta irin ta agana. In aka sami mai ciwo, sai a rubuta waɗanda suka yi cuɗanya da shi, da waɗanda suka yi cuɗanya da su, a yi musu bayani, wanda ya yarda ya shiga. Waɗansu rukunoni aka yi musu nan take, waɗansu bayan kwana 21. Ba a yi wa kowa allurar ruwan banza domin kwatanci ba. Da sakamako ya nuna a watan Yuli cewa allurar tana aiki, sai aka daina jinkirta wa kowa. An yi sauri, an kuma tambayi mutane. Ashe biyun suna iya tafiya tare.

Abin da ya faru a Kano bai tsaya a Asibitin Zana ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 magana ta bazu cewa maganin shan inna da ake ɗiga wa yara an gauraya shi da abin hana haihuwa. Ba gaskiya ba ne, gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba. Akwai siyasa a ciki, akwai kuma fushin yaƙin Iraki na shekarar. Akwai wata tambaya mai ma'ana da talakawa suke yi: me ya sa ake bin mu gida gida da wannan kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai mun sayi magani? Amma duk wanda ya so ya kafa hujja, sunan Trovan yake ambata, ba kuwa mai iya ce masa ƙarya yake yi. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da aikin. Kano ta yi wajen wata 11, ba ta koma ba sai a Yuli 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. Yaran da shan inna ya kama a Nijeriya 202 ne a 2002, a 2006 sun haura 1,000. Ƙwayar cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da Indonesiya. A Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, yawancinsu mata.

Ba da bulala aka gyara wannan ɓarna ba. Gwamnan Kano ya miƙa 'yarsa aka ɗiga mata a gaban jama'a. Sarakuna da hakimai da masu unguwa da malamai suka shiga aikin. Aka ɗauki matan unguwa waɗanda za su iya shiga har ɗaki, waɗanda shan inna ya nakasa kuma suka riƙa zagayawa suna magana da iyaye. Aikin ya ci shekaru. An ga shan inna na daji na ƙarshe a jihar Borno a 2016, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida Afirka ta rabu da shi. 'Yan watanni bayan haka allurar korona ta zo, ɗaya daga cikin kamfanonin da suka yi ta kuwa Pfizer ne. Ba a manta da sunan ba.

Yanzu ga tambayar da ta fi jawo gardama a ɗakin malamai: ya halatta a tilasta wa mutum? Tsohuwar gardama ce. A 1905 kotun ƙoli ta Amurka ta yanke hukunci a kan wani fasto mai suna Henning Jacobson, wanda ya ƙi lambar agana aka ci shi tarar dala 5. Kotu ta ce hukuma tana da ikon sa doka domin kāre jama'a. Mu ma mun saba da wani nau'in tilas ba mu ce komai ba. Matafiyi ba ya shiga ƙasashe da yawa sai da katin allurar ciwon shawara, alhaji kuma ba ya sauka Saudiyya sai da shaidar allurar sanƙarau. Daga 1 ga Disamba 2021 gwamnatin tarayya ta ce ma'aikatanta su nuna katin allurar korona ko sakamakon gwaji kafin su shiga ofis. Ni dai ina ganin tilas tana da matakai. A ce wa mai jiyyar tsofaffi ya yi allura ko a canja masa wurin aiki, wannan yana da hujja, gama waɗanda yake taɓawa ba su da hanyar guje masa. A danne mutum a soka masa, ko a hana shi jiyya don ya ƙi, wannan ya wuce gona da iri. Kuma kafin hukuma ta ɗaga sanda sai ta amsa tambaya: allurar ta iso ƙauyen? Kyauta ce? An yi bayani da harshen da mutum yake ji? Ba a hukunta mutum don bai sha daga rijiyar da ba a haƙa ba.

Bayanin kuma dole ya haɗa da abin da ba shi da daɗin faɗi. A 2021 an gano cewa allurar AstraZeneca tana iya jawo daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, yawanci masu ƙarancin shekaru. Hukumomi suka faɗa a fili, waɗansu ƙasashe suka canja shekarun waɗanda za a yi wa. Faɗin ya tsorata mutane, gaskiya ne. Amma da an ɓoye aka gano daga baya, da duk wata allura ta sha dukan. Haka kuma waɗansu masu bi suka damu da jin cewa an yi amfani da ƙwayoyin halitta da asalinsu daga cikin da aka zubar ne a wajen 1973, wajen haɗa ko gwada waɗansu allurai. Fadar Paparoma ta duba maganar a Disamba 2020, ta ce ya halatta a karɓa in babu wata, ta kuma ce a bisa ƙa'ida yin allura da son rai ne, amma wanda ya ƙi dole ya bi wasu hanyoyi na kāre maƙwabcinsa. Mai irin wannan damuwa ba wawa ba ne, amsa yake bukata, ba dariya ba.

Annobar 1996 ta bar abin kirki ɗaya ko biyu. A 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa rumbun allurar sanƙarau na gaggawa, wanda ake rabawa bisa ga inda cuta take ci, ba bisa ga wanda ya fi kuɗi ba. Aka kuma ƙera allura musamman domin ƙasashenmu, MenAfriVac, wadda aka yi a Indiya a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. An gwada ta a Mali da Gambiya da Senegal da Ghana, aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamba 2010, Nijeriya kuma a 2011, ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Nau'in sanƙarau na A, wanda ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa. Amma yana da 'yan'uwa. A 2017 nau'in C ya kashe mutum fiye da 1,000, galibi a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu, allurarsa kuwa ta yi ƙaranci a duniya, aka sake zama ana shawarar ƙaramar hukumar da za a fara kai wa. A Maris 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai kāriya daga nau'i 5 a haɗe. Wajen miliyan 1 aka samu daga rumbun gaggawa, aka kuma fara da inda cutar take ci a lokacin, a jihohin Jigawa da Bauchi da Yobe.